Liyari Ashirin da Tara da Dalma Ɗaya

An yi wani mutum a wani gari, zamanin da ake cin kasuwa da sule da sisi, sunansa Korau. Baduku ne. Yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa, inda yake ɗinka kube da rigar laya da takalman da suka gaji da duniya. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko a masallaci ma ba a san shi da sahun gaba ba. Abu ɗaya aka san shi da shi: in ka ba shi ajiya, yadda ka ba shi haka za ka karɓa. An ce wani ya taɓa mance ɓarin goro a rumfarsa. Bayan kwana tara ya dawo, Korau ya ciro masa shi a ƙunshe cikin ganye, har yana ba shi haƙuri wai ya ɗan bushe.

Ku saurara, labarin nan na gidan waya ne da inshora. Kada kuma wani ya tare ni a bakin ƙofa in an tashi yana tambayata hukuncin inshora. Wannan karatun wata rana ce. Yau a kan Korau muke.

A bayan rumfarsa akwai gidan wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Iya Barmani. Mijinta ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya bar 'ya ɗaya, Kyauta, wadda aure ya kai ƙasar Gwanja, can inda ake saro goro. Ƙasa ce daban, da iyakarta da ma'aikatanta. Da aka raba gado, rabon Kyauta ya faɗa kan liyari talatin. Yaran yanzu ba su san liyari ba. Tsohon kuɗin azurfa ne, mai faɗi, mai nauyi, da hoton wata mata mai jiki a fuskarsa. An daɗe da daina kashe shi, amma azurfarsa ba ta daina daraja ba. Iya Barmani ta zuba su a tukunya, ta binne a ƙarƙashin gadonta, ta kwana a kansu shekara goma sha ɗaya.

Wata rana da hantsi ta zo rumfar Korau, ta zauna a kan turmin da yake ajiye wa baƙi.

"Korau, jiya na yi jiri a bakin murhu."

"Subhanallahi. Sannu, Iya."

"Ba sannu na zo karɓa ba. In na faɗi na mutu, 'ya'yan ƙanena za su haƙe ɗakin nan kafin a gama yi mini wanka. So nake kayan yarinyar nan su isa hannunta ina da rai. Kai za ka aika."

"Ni, Iya? Ni da ko wasiƙa ban taɓa aikawa ba?"

"Shi ya sa. Waɗanda suka saba aikawa na san su."

Suna cikin haka sai ga Jatau. Jatau dillali ne, rumfarsa na jingine da ta Korau, kuma magana ba ta taɓa wucewa ta gefen kunnensa bai tsoma baki ba. Shi ne ya taɓa sayar da jaki mai ido ɗaya ta hanyar tsayar da shi a jikin bango. Nan take ya fara ba da shawara.

"Abu mai sauƙi, Iya. A ba direban motar goro ya sa a ƙarƙashin kujera."

"Wane direba? Wanda na ba man shanu ya kai wa Kyauta, ya isa da rabi, ya ce rana ce ta sha?"

"To a cusa su cikin curin daddawa, a kai gidan waya, a rubuta daddawa. Wane ɓarawo ne zai sa hannu a ciki? Ma'aikatan kan iyaka ma da hanci a toshe za su ce a wuce."

Wannan ta yi wa Iya daɗi, domin daddawa tata ce, ba sai ta saya ba. Korau ya sunkuyar da kai yana murza zare a cinyarsa, sannan ya ce, "Iya, in na rubuta daddawa, daddawa na aika. In ta ɓace, kuɗin daddawa za a ba ki. Ni kuma hannuna ba zai rubuta abin da ba shi ke ciki ba. Bari in je in tambayo masu aikin."

Ya tafi gidan waya. Akawun wurin, Malam Ilu, siririn mutum ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, yana magana kamar mai karanta sanarwa. Ya ce hanya uku ce. Ta farko, ka liƙa kan sarki ka jefa. In ya isa, alhamdu lillahi, in bai isa ba, Allah ya mayar da alheri. Ta biyu rajista, a ba ka takardar shaida, in ya ɓace a ba ka ɗan abin share hawaye. Ta uku inshora: ka rubuta ainihin abin da ke ciki da darajarsa, ka biya gwargwadon haka, in ya ɓace a biya ka abin da ka rubuta. Amma da sharaɗi. A zuba kayan a gwangwani, a ɗinke shi cikin farin ƙyalle, a narka jan kaki a kan kowane ɗinki, a buga hatimi. Hatimin kuma na mutum na kansa, ban da danna kwabo, domin kowa yana da kwabo. Rubutu ba gogewa.

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, za ka buɗe ka gani?"

"Ba na buɗewa. Nawa aunawa da duba hatimi. Abin da ka rubuta, tsakaninka da Allah."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta tsaya wa Korau. Tunda sai an rubuta daraja, to sai an san darajar. Ya lallaɓi Iya ta haƙo tukunya, suka tafi wurin Cindo maƙerin azurfa, su biyu kawai, Iya ta ɗaure kayan a cikinta kamar mai juna biyu.

Cindo ba ya gwada azurfa da ido. A kan maƙera yake sakinta, ya kasa kunne. Azurfar gaske in ta faɗi takan yi wata siririyar ƙara mai ja, kamar ana kiranka daga nesa. Ya riƙa saki ɗaya bayan ɗaya, kowace tana amsawa. Da ya zo kan ta goma sha bakwai, sai ta faɗi tim, ta yi shiru. Ya sake ɗauka ya saki. Tim. Ya kankare gefenta da wuƙa, ya ce, "Wannan dalma ce, an yi mata wankan azurfa."

Iya Barmani ta miƙe tsaye. "Dalma a gidanku! Mijina ya yi shekara arba'in yana fatauci, ba a taɓa kama shi da jabu ba. Kunnenka ne ya toshe da hayaƙi."

"Iya, ba ni na faɗa ba, ita ta faɗa."

Da ta huce, Cindo ya ce a jefar da ita kawai a aika ashirin da tara. Iya ta ce a'a, talatin aka raba wa yarinya, in ta ga ashirin da tara za ta ce uwarta ta ci ɗaya. A rubuta talatin, a yi shiru.

Korau ya ce, "Talatin za su tafi, Iya, ba zan rage ko ɗaya ba. Amma ashirin da tara da dalma ɗaya zan rubuta."

"Kai, ɗan nan, wa zai buɗe?"

"Ba kowa."

"To?"

"To, shi ke nan, Iya. Haka zan rubuta."

Ku saurara. Korau ba ya gardama, ba ya ɗaga murya, ba ya kawo aya. Yana dai maimaita abu ɗaya ne a hankali har ka gaji. Iya ta gaji. Ta ce, "Rubuta. Takarda ba ta zuwa gidan suna. Amma bakinka, Korau, da naka, Cindo, in na ji maganar nan a gari, ban yafe ba. Ba za a ce mijin Barmani ya bar jabu a gado ba." Suka yi mata alkawari.

Sau uku Korau yana zuwa gidan waya ana mayar da shi. Ran farko ƙyallen bai yi fari sosai ba. Rana ta biyu kaki bai rufe ɗinki ɗaya ba. Rana ta uku Malam Ilu ya tafi jana'iza. Hatimi kuwa, da ƙarfen da yake buga wa fata ado ya yi. A rana ta huɗu Iya ta biyo shi, domin ta ji kuɗin inshora da kunnenta. Da Malam Ilu ya faɗa, ta dafe ƙirji.

"In biya kuɗi don kuɗi su yi tafiya? Su ma ai kuɗi ne, su biya wa kansu mana."

"Haka doka ta ce, Iya."

"Rage mini, ɗana."

"Nan ba kasuwa ba ce."

"Ko'ina kasuwa ce. In kawo maka daddawa ta wata guda?"

"Gwamnati ba ta miya, Iya."

Ta kwance bakin zanenta, ta ajiye rabi, ta ce daga nan ba ta da ko anini, ta juya tana kallon bango. Korau ya cika sauran daga kuɗin wasu jajayen fatu da ya sayar a ranar. Bai faɗa mata ba. Har ta mutu tana ba da labarin yadda ta karya farashin gwamnati gida biyu.

Sannan Korau ya ɗauki alƙalami. Ɗan bokon da ya sani a ajin yaƙi da jahilci ya koya, harufansa manya kamar sawun agwagwa. Ya fi rabin sa'a yana rubuta layi ɗaya, gumi na ɗiga, domin ba gogewa. Malam Ilu ya karɓa, ya karanta a zuci, ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa. Ya buɗe baki zai yi magana, Iya ta watsa masa wani kallo, ya rufe. Ya jawo littafin dokoki ya yi ta buɗawa, yana neman inda aka hana yi wa dalma inshora. Bai samu ba. Ya buga tambari, ya ce a hankali, "Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Yau na ga sabo."

To, Jatau bai san komai game da dalma ba. Abin da ya shiga kunnensa guda ne: in kaya ya ɓace, a biya ka abin da ka rubuta. Kuma damina ce, hanya ta lalace, akwai babban kogi kafin iyaka wanda sai an ɗora mota a jirgin fito. Jatau ya je wurin masu gyaran mota, ya tsinci zobban ƙarfe talatin, irin waɗanda ake sa wa noti, ya zuba a gwangwani irin na Korau, ya cusa auduga don kada su yi ƙara, ya ƙara yashi har nauyi ya yi daidai. Ya kawo wa Korau a rufe.

"Maƙwabci, ɗinke mini wannan yadda ka yi wa Iya. Ni ma liyari ne, gadon kakata."

"Ashe kana da su?"

"Arziki ai ba a shelarsa."

Korau ya ɗinke masa tsaf, bai karɓi ko sisi ba. Jatau ya kai gidan waya, ya rubuta liyari talatin, azurfa zalla, zuwa ga wani ɗan'uwansa a Gwanja. Lissafinsa shi ne, in ya ɓace a biya shi, in ya isa ya ce an musanya a hanya. Ƙunshi biyun suka shiga buhu ɗaya, mota ɗaya.

Bayan kwana shida labari ya zo. Motar wasiƙu ta zame daga jirgin fito ta faɗa kogi. Direba ya fita da ransa, buhuna suka bi ruwa.

Jatau ya sayi sabuwar hula a ranar. Kullum da safe yana gidan waya, yana tambayar yaushe za a biya, har ya fara kiran Malam Ilu abokina. Korau kuwa abinci ya daina yi masa daɗi. Ya san za a biya kuɗi. Amma yana tunanin Kyauta, wadda za a miƙa wa takardun kuɗi a ce ga gadon ubanki, alhali abin da uban ya taɓa da hannunsa yana ƙarƙashin kogi. Iya Barmani ta daina zama a kan turmi. In ta wuce sai ta ce, "Da daddawa ce, da ta taso sama."

Sati uku ana haka, sai wasu masunta suka jawo buhun a cikin taru. Mutanen kirki ne, suka ga kayan gwamnati ya jiƙe, suka ce bari su taimaka. Suka shanya komai a kan banda tare da kifi, suka hura wuta. Ruwa ya riga ya wanke adireshi, wuta kuma ta narkar da kaki. Aka mayar da ƙunshi biyu garin da suka fito, ba suna, ba hatimi, ɗinki iri ɗaya, nauyi iri ɗaya, suna warin tarwaɗa.

Ran Alhamis Malam Ilu ya kira masu kaya. Rabin kasuwa ta biyo su. Ya ajiye ƙunshi biyun a kan tebur, ya farke na farko, ya zazzage. Zobban ƙarfe masu tsatsa suka gangaro, da yashi.

Ku ba Jatau haƙƙinsa, mutumin yana da saurin kai. Kafin zoben ƙarshe ya gama juyi ya riga ya ɗora hannu a ka.

"Inna lillahi! Korau! Kai? Tsohuwa ta ba ka amana ka cika mata gwangwani da ƙarfe? Wallahi da wani ne ya faɗa mini da na mare shi."

Aka farke na biyu, liyari suka zubo, sun yi baƙi da ruwa da hayaƙi. Jatau ya miƙa hannu, "Alhamdu lillahi, gadon kakata." Malam Ilu ya buge hannun da rula. Ya ce ba mai taɓa komai sai ran Litinin, in an kawo maƙeri da wakilin alƙali. Wani ya ce ai yana da takardun a akwati, ya karanta yanzu mana. Ya ce doka ba ta ce ya karanta ran Alhamis ba. Ya kulle komai ya tafi cin abinci.

Jama'a suka juya kan Korau. "Kai ba ka da abin cewa?"

Yana da shi. Kalma ɗaya ce, dalma. Tana kan harshensa. Ya dubi Iya Barmani, ta kawar da kai. Sai ya ce, "Abin da Iya ta ba ni shi na ɗinke." Bai ƙara ba.

Kun san garinmu, kun san kowane gari. Kafin la'asar labari ya kai ƙauyuka. Ran Juma'a wani ya zo ya karɓe takalminsa da allura a jiki, ɗinki bai kai rabi ba. Mai ɓarin goron nan na da ya tsaya a tsakiyar kasuwa yana cewa, "Ashe da goro yake tara suna, yana jiran babbar ajiya." A masallaci wanda ke gefensa ya matsar da buta. Korau ya buɗe rumfa ran Asabar kamar kullum, ya zauna, ba wanda ya kawo ko tsinkakken maɗauri. Ya san in Litinin ta zo ba daidai ba, ba rumfa kaɗai zai rasa ba, gidan yari ne. Ya ɗauko tsohon takalminsa ya yi ta gyara.

Ran Lahadi da yamma Iya ta zo. Ta tsaya, ba ta zauna ba.

"Ka faɗa wa wani?"

"Ban faɗa ba, Iya."

"Ana ce maka ɓarawo fa."

"Na ji."

"Ka ji, ka yi shiru?"

"Kin ce ba ki yafe ba."

Ta ce, "Kai dai wahala ne, Korau." Ta ajiye masa curin daddawa ɗaya a kan turmi, ta tafi. Waɗanda suka san Iya Barmani sun ce wannan ne kyautar farko da aka taɓa gani daga hannunta.

Ran Litinin gidan waya ya cika har tagogi. Cindo ya zo da maƙerarsa a kafaɗa, wakilin alƙali ya zauna a kujera. Malam Ilu ya buɗe akwati, ya ciro takarda ta farko.

"Jatau, ka rubuta liyari talatin, azurfa zalla. Kana kan maganarka?"

"Ina kai."

"Duka talatin?"

"Duka. Kakata ba ta ajiye tarkace."

"Ba ko ɗaya mai aibi?"

"Malam Ilu, sau nawa zan faɗa? A kawo Alƙur'ani in dafa."

Wakilin alƙali ya ce ba sai an kai can ba, an ji. Malam Ilu ya ɗauko takarda ta biyu, ya gyara tabarau. Sai Iya Barmani ta buga sandarta a ƙasa.

"Tsaya, yaro. Bakina zai riga takarda. Jama'a, a cikin kayan mijina akwai jabu ɗaya. Dalma ce. Ni na hana yaron nan faɗa. Ga shi na faɗa, wanda zai yi dariya ya yi, Allah ya sa haƙoransa su zube."

Ba wanda ya yi. Malam Ilu ya karanta: "Liyari ashirin da tara na azurfa, da dalma ɗaya." Jatau ya ce tsohuwa ta ruɗe, an haɗa baki ne, a gwada a gani.

Cindo ya fara saki. Ta farko ta yi ƙara. Ta biyu ta yi. Jama'a suna ƙirgawa da baki. Goma. Goma sha bakwai ta wuce, ta yi ƙara ras. Ashirin. Jatau ya fara gyara zaman sabuwar hularsa. Korau ya fara tunanin ko ranar farko kunnen Cindo ne da gaske ya toshe da hayaƙi. Ashirin da biyar. Ashirin da takwas. Ashirin da tara, ta yi ƙara har ta fi sauran. Jama'a, ban sani ba ko an taɓa yin bawan Allah da ya roƙi Ubangijinsa jabu da zuciya ɗaya kamar yadda Korau ya roƙa a wannan lokaci.

Cindo ya ɗauki ta ƙarshe, ya juya ta, ya saki.

Tim.

Iya Barmani ta rangaɗa guɗa. "Jabun mijina! Ga ta nan! Na ce muku!"

Jatau ya ce, "Ruwan kogi ne ya ɓata ta."

Cindo ya ce, "Kogin da ke mayar da azurfa dalma, kuma ya zaɓi ɗaya tak? Nuna mini shi in daina wanka a ciki." Ya ɗaga ta ya nuna inda ya kankara da wuƙa tun ranar farko.

Wakilin alƙali ya tattara zobban ƙarfen a cikin sabuwar hular Jatau, ya ce ya riƙe gadon kakarsa su tafi tare. Abin da aka yanke masa ba shi ne darasinmu ba. Korau dai ya bi su har ƙofa yana roƙon a yi masa sassauci, wai yana da iyali.

Aka sake ɗinke kayan Iya, aka sake narka kaki. Ta gyara tsayuwa za ta yi ciniki, Malam Ilu ya ce wannan karon ba biya. Ta ce ta san dama tsoronta yake ji. Bayan wata ɗaya da kwana goma wasiƙa ta zo daga Gwanja, Korau ya karanta mata a rumfa, yana bin harufa da yatsa. Kyauta ta ce kaya sun iso, talatin cif. Ta ce da ta ga dalmar nan ta zauna ta yi kuka, domin ta san ta. Tana ƙarama wani ya cuci babanta da ita a kasuwa. Abokansa suka ce ya shigar da ita ga wani, kamar yadda aka shigar masa. Ya ƙi. Ya ce mata, cutar nan a hannuna za ta tsaya. Ta ce ashirin da taran za ta sa a sana'a, amma wannan ɗayar ba ta sayarwa.

Iya ta share hanci da bakin mayafi ta ce, "Na sani mana. Dama na sani." Ba ta sani ba. Korau ya ninke wasiƙar ya miƙa mata.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Azurfa ashirin da tara ba su ceci Korau ba, domin maƙaryaci ma ya ce nasa ne. Abin da ya cece shi shi ne aibi ɗayan nan da ya ƙi ɓoyewa a ranar da ba mai buɗewa. Gaskiya ba ita ce ka faɗi kyawun kayanka ba, wannan ko Jatau ya iya. Gaskiya ita ce ka faɗi dalmar.

Kowa a nan yana da tasa. Kai da za ka sayar da mota gobe, ka san inda take ɗigar mai, ka wanke wurin tun da asuba. Kai da kake aika kaya waje, aka miƙo maka takarda, ka rubuta tsofaffin tufafi don kuɗin ya ragu, alhali ka san abin da ka naɗe a ciki. In ya ɓace, kuɗin tsumma za a ba ka, kuma kai ka rubuta da hannunka. Har ku da ke bayan labule, masu sa manyan tumatir a saman kwando, ina jin dariyarku, da ku nake. Kuna cewa wa zai buɗe. Korau ma an tambaye shi haka, ya ce ba kowa, kuma ya rubuta.

Akwai ranar da za a zazzage gwangwanin kowa a gaban taron da ya fi na gidan waya, ba adireshi, ba hatimi, a saki ayyuka ɗaya bayan ɗaya a kan maƙera. Wanda ya riga ya faɗi dalmarsa ya tuba, ƙarar tim ba za ta ba shi kunya ba. Allah ya ba mu ikon rubuta abin da ke ciki. Ku tashi a hankali, kuma wanda ya ɗauki takalmin da ba nasa ba makon jiya, ƙofa tana nan inda ya same shi.